Kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna: a sama wa ɗaliban Rido littafin adabi da jagoransa

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi na Jihar Kaduna.

Mu iyaye da malaman adabi na Rido da Mararaban Rido, a ƙaramar hukumar Chikun, muna kawo kukanmu kan abin da yaranmu ke riƙewa a hannu idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato. Ranku ya daɗe, da yawansu suna shiga zauren jarrabawar adabi ba su taɓa karanta littafin da za a tambaye su a kansa ba. Abin da suka karanta shi ne taƙaitawarsa.

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai sayar da littattafai a Sabon Tasha ya ga waɗannan 'yan ƙasidu. Takarda ce shara-shara, bango mai kala, ciki an dunƙule littafi mai shafi ɗaruruwa cikin 'yan shafuka: ga labari a taƙaice, ga jigo, ga sunayen taurari, ga tambayoyin baya da amsoshinsu. Wata ma ba sunan wanda ya rubuta ta. Yaro guda ya saya, sauran aji su kai wa mai fotokofi, a yi ta kwafa daga kwafi har layin ƙarshen shafi ya ɓace. Ka tambayi yarinya jigon wasan kwaikwayo, ta zubo maka shi tiryan-tiryan kamar hadda. Ka ce ta nuna maka wurin da abin ya faru a cikin wasan, sai ta sunkuyar da kai.

Ba mu ga laifin yaran ba, ba mu kuma ga na masu sayarwa ba, neman abinci suke. Uban da aka ce ya sayi littattafan zube, da na wasan kwaikwayo, da kundin waƙoƙi, ga kuɗin rajista, ga kuɗin mota, dole ya zaɓi ƙasida guda mai araha. Matsalar ita ce jarrabawar ba ta tafiya a kan hadda. A takardar adabin Turanci, WAEC kan ciro magana daga wasan Shakespeare ta ce wa ya faɗa, wa ake gaya wa, me ya faru kafin nan. Tana kuma kawo waƙa da guntun zube da ɗalibi bai taɓa gani ba, ta ce ya fito da salo da manufa. Wanda bai saba zama da rubutu yana warware shi da kansa ba, nan yake tsayawa cak. Kuma faɗuwa a adabin Turanci ba ƙaramin abu ba ne, domin yaron da ke son karatun lauya ko na Turanci a jami'a ba shi da hanya sai da kiredit a wannan darasi.

Ga kuma canjin littattafai. WAEC kan sauya jerin littattafanta duk shekara biyar. Waɗanda aka yi amfani da su daga 2021 zuwa 2025, irin su The Lion and the Jewel na Wole Soyinka da Second Class Citizen na Buchi Emecheta, sun ba da wuri ga sabon jeri na 2026 zuwa 2030, wanda ya ƙunshi Antony and Cleopatra na Shakespeare da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland. JAMB ma ta sauya The Life Changer da The Lekki Headmaster a 2025. Tsohuwar ƙasida kuwa ba ta barin kasuwa don an sauya manhaja, kuma uwar da ba ta yi boko ba ba ta da yadda za ta gane an sayar mata da kayan bara.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ɓangaren Hausa. Mai karatun adabin Turanci yana samun ƙasida, ko da gurguwa ce. Mai karatun Hausa sau da yawa ba shi da komai sai abin da malami ya rubuta a allo. Alhali a jihar nan aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko: gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Zariya aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a can kuma aka yi ta buga littattafan da makarantun Arewa suka tashi da su. Bai kamata a ce ɗan jihar Kaduna ya san Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja a jerin sunayen taurari kawai ba, bai taɓa yin dariyar abin da ya shiga tsakaninsa da Alhaji Imam ba.

Don haka roƙonmu na farko, kuma mafi girma, shi ne littafin kansa. Ba sai kowane ɗalibi ya mallaki nasa ba. A ba kowace babbar sakandare ta gwamnati a yankinmu isassun kwafi, a buga musu hatimi, a ba malamin darasi amanarsu, yara su ara su dawo da su. Tun da jeri guda yana shekara biyar, saye ɗaya zai ɗauki yara zubi biyar.

Sai jagora. Muna roƙon ma'aikata ta tara ƙwararrun malaman sakandare da masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna, su rubuta jagoran bita na adabin Turanci da na Hausa, wanda zai riƙa mayar da ɗalibi cikin littafi: karanta babi kaza, nemo inda tauraro ya sauya ra'ayi, kawo hujja daga shafi. A rubuta shekarun da yake aiki a bangonsa ɓaro-ɓaro. A kuma sa bayanin kalmomi masu wuya da Hausa, domin a Rido ɗan Gbagyi da Bahaushe da ɗan Kudancin Kaduna duk da Hausa suke fahimtar da juna idan malami ya fita aji. Hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jiha kuma ta duba ƙasidun da ke kasuwa, ta sanar da waɗanda ta amince da su.

A 2020, lokacin kullen korona, ma'aikatarku ta sa darussa a rediyo da talabijin domin 'yan ajin ƙarshe. Waƙa da wasan kwaikwayo sun fi kowane darasi dacewa da kunne. A dawo da shirin, ko da na adabi kaɗai.

Babban ɗakin karatu na jiha yana titin Bida, ƙetaren kogi, kuɗin motar zuwa can ya fi ƙarfin ɗalibi. Muna fatan za ku yi magana da shugabannin Chikun a Kujama, da hukumar matatar mai da muke maƙwabtaka da ita tun 1980, a samar da ɗaki guda mai benci da wuta inda yara za su yi bita da yamma. Mu iyaye mun yarda mu ɗauki nauyin tsaronsa da shararsa. Idan da hali, littattafan su iso a zangon farko, kafin a shiga hidimar rajista.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Iyaye da malaman adabi,
Rido, ƙaramar hukumar Chikun.