Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Gidauniyoyi Da Ƙungiyoyin Agaji: Damina Ta Kama, Wa Kuka Gode Wa?



Iyayena da yayyena, shugabannin gidauniyoyi da ƙungiyoyin agaji, da jami'an da ke tafiyar da ayyukan sa-kai a jihohinmu na Arewa, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku barka da ruwa. Allah ya ba mu damina mai albarka. Na san nauyin da ke wuyanku, don haka ba zan cika ku da surutu ba. Magana ɗaya ce ta kawo ni: kuna godiya, amma kuna yin ta a lokacin da kuke da buƙata, kuma kusan kullum a ƙofa ɗaya take sauka.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara, layya kuma a bakin damina. A nan kasuwar bayarwa take ci. A raba buhunan shinkafa, a ɗinka wa marayu kayan Sallah, a kama ɗakin taro a otal, a kira Alhaji Wane a miƙa masa lambar yabo, a yi hoto a sa a Facebook. Da an cinye naman layya sai a naɗe tabarma. Wayar ofis ta yi tsit har sai Sha'aban ya kama, sannan a lalubo lambobin mutane, a fara "Ranka ya daɗe, ga azumi ya matso." Mai bayarwa ba yaro ba ne. Ya san mai nemansa, ya san mai neman aljihunsa.

Alhali kuwa aikin da ya fi cin rai daga Yuni zuwa Oktoba yake. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba. Sauro ya samu wurin zama, ɗakunan yara a asibitoci sun cika har ana kwantar da biyu a gado ɗaya. Ga ambaliya. Ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, samarin unguwa da masu kwale-kwale da matan da suka ɗora tukwane suna dafa wa baƙin da ba su taɓa gani ba suna cikin waɗanda suka fara kai ɗauki. A ƙarshen Mayun 2025 aka ga irin haka a Mokwa. Sunayen manyan da suka yi alƙawarin miliyoyi sun fito a jarida. Wace ƙungiya ce a cikinku za ta iya buɗe littafi yau ta nuna sunayen samarin da suka shiga ruwa har wuya?

Ku dubi masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wannan tsari a 2012, a Nijeriya kuma a Katsina aka fara shi a 2013. Ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a kowane wata har ruwa ya ɗauke. Wanda bai bi su ba ba zai san wahalar ba. Yarinya ce da hijabinta, jaka a kafaɗa, silifas ɗinta ya yi nauyi da taɓo. Ta yi sallama a zaure, ta jira a ba ta izini, ta durƙusa ta gaida uwargida, ta narkar da ƙwaya a ɗan ruwa, ta lallashi yaron da ke turjewa, ta tsaya ta ga bai amayar ba. Sannan ta bar wa uwa na gobe da na jibi, ta maimaita mata bayani, ta cika kati, ta yi alama da alli a jikin bango, ta wuce gida na gaba. Wani maigidan ya yi mata maraba, wani ya kore ta da baƙar magana. Godiyar da wannan yarinya za ta gane ita ce a biya ta ɗan kuɗin motarta a ranar da aka yi alƙawari, a ba ta lema da takalmin roba, in an gama kuma a ba ta takardar shaida mai ɗauke da sunanta daidai, wadda za ta iya nunawa ranar da take neman gurbi a makarantar koyon aikin lafiya. Riga mai tambarin ƙungiya talla ce a gare ku, kada ku lissafa ta cikin tukuici.

Sai masu ba da jini, waɗanda su ne suka fi ba ni tausayi. Cikin dare saƙo zai shigo zauren WhatsApp: mai haihuwa tana zubar da jini, ko yaro mai sikila ya galabaita, ko zazzaɓi ya shanye jinin jariri. Wani bawan Allah zai tashi, ya hau babur cikin yayyafi, ya kwanta a ɗebi kusan mililita 450 daga jikinsa, a miƙa masa kwalbar lemo, ya koma gida. Shi ke nan. Ba zai sake jin ko matar ta tashi ba. Bayan wata uku, lokacin da namiji zai iya sake bayarwa, babu wanda ya kira ya ce yaya ƙarfin jiki, sai dai in wata larurar ta taso. Jinin da aka ajiye kuwa ba ya wuce kwana 35 zuwa 42, wato kenan ba mai bayarwa sau ɗaya kuke buƙata ba, mai dawowa kuke buƙata. A birnin Istokhom na ƙasar Suwidin, cibiyar jini takan tura wa mutum saƙon waya ranar da aka ƙara wa majinyaci jininsa. Ba a faɗin sunan majinyacin, layi ɗaya ne kawai. Saƙon tes a nan ƙasar bai kai naira goma ba. Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, kuma takenta tun asali godiya ne, amma mu nan takan ƙare da jawabin babban baƙo, masu jinin suna zaune a kujerun baya.

A kula, ban ce a sayi jini ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana biyan mutum ladan jininsa, illa a mayar masa da abin da ya kashe wajen zuwa. Kuɗin mai da kiran waya ba su shiga cikin hanin ba.

Na san amsar da wasunku za su ba ni, domin na sha jin ta: "Ai don Allah suka yi, ladansu na wurinsa." Haka ne. Amma me ya sa wannan hujja ba ta tashi sai an zo kan talaka? Alhajin da aka ba lambar yabo shi ma cewa ya yi don Allah ya bayar, kuma ba wanda ya ce a bar shi da ladansa. Addini bai raba godiya ga Mahalicci da godiya ga bayinsa ba, ku kuka fi ni sani. Hausawa kuma suka ce yaba kyauta tukuici. Abin da ya kamata dai shi ne a tambayi mutum yadda yake so. Akwai wanda in ka ambaci sunansa a lasifika ka ɓata masa sadaka, ba zai sake ba ka ba. Irin wannan, ku taka ku je gidansa, ku biyu ko uku, ba kyamara, ku gaishe shi ku tashi.

Masu ƙaramin hannu ma suna da haƙƙi. Malamar firamare da ke turo ɗari biyar duk ƙarshen wata, da mai shayin da ke jefa canji a akwatin masallaci, su ne ke riƙe da ku a watannin da manya suka yi nisa. Babbar godiya a wurinsu ita ce lissafi. A rubuta a takarda ɗaya: ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya, ga abin da ya rage, a manna a allon sanarwa, a tura a waya. Ƙungiyar da ke jin nauyin nuna lissafinta ta riga ta faɗa wa mutane wani abu game da kanta.

Su kuma waɗanda kuke taimakawa, kun taɓa tunanin su ma sun cancanci a ce musu an gode? Uwar da ta buɗe ƙofa ta amince wa baƙuwa ta ba ɗanta magani ta ba ku yarda. Bazawarar da ta tsaya a layi cikin rana ta ajiye kunyarta a gida kafin ta fito. Ku daina sa ta riƙe mudun gero tana kallon kyamara. In dole sai an yi hoto saboda masu ba da tallafi, a ɗauki kayan, a bar fuskoki.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwamiti. Kafin markar Agusta ta sauka, kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya, ta ba shi littafi da katin waya. Ya rubuta sunan duk wanda ya ba da kuɗi, ko jini, ko ƙarfinsa a bana. A kira su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a roƙi komai a wannan kiran. In ɗan agajinku ya yi rashi, shugaba da kansa ya je ta'aziyya, kada a aika sakatare. In an yi masa haihuwa, a je suna. Wanda yake bin ku bashin kuɗin mota tun zagayen bara, ku biya shi a wannan makon.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya kai mu kaka lafiya.

Wassalam,
Ɗanku, kuma ɗan sa-kai a ƙarƙashinku.