Idan Taru Ya Daɗe Yana Dawowa Wayam

Duk wanda ya tashi a bakin Kogin Isa, daga Ayoru har Gaya, ya san cewa su sana'a ce ta yau da samu, gobe babu. Masunci yakan kwana bisa ruwa, ya shimfiɗa mamari, ya jefa birgi har kafaɗa ta gaji, gari ya waye bai ga ko kurungu ɗaya ba. Kwana ɗaya ko biyu ba ya ɗaga hankalin Basarke. Abin da ke cin rai shi ne a jera mako uku ko huɗu kwale-kwale na dawowa mashaya wayam, murhun bandar uwargida ya huce, mai bashin taru kuma ya fara yawaita sallama.

A irin wannan hali al'adarmu ba ta wuce kalma biyu: rashin sa'a da haƙuri. Wani ya ce baki ne, wani ya ce an ɗaure masa ruwa. Haƙuri abu ne mai kyau, arziki kuma na Allah ne. Sai dai magabata sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma muna ganin rashin kamun da ya daɗe yana da dalilin da ya kamata a bincika.

Akwai rashin da lokaci ke kawowa. Kogin nan yana cika sau biyu a Yamai: jan ruwa na damina, wanda su Sirba da Dargol da Gorwal ke kwararowa da shi wajen Agusta da Satumba, sai baƙin ruwa da ke tasowa daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ya iso wajen Janairu. Idan ruwa ya malala cikin fadamu, kifi yakan watsu cikin burgu ya yi ƙwai, kamu ya yi wuya. Idan ruwa ya ja baya, sai tarwaɗa da ƙarfasa su dawo gurbi, kowa ya samu. Wannan rashi tsohon masunci ya san ranar ƙarewarsa, kamar yadda manomi ya san bazara.

Akwai kuma rashin da ba shi da ranar ƙarewa. Dattawa ba su manta da 1985 ba, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai saboda fari. Yau ga yashi yana cike guraben da giwan ruwa ke kwanciya, ga kainuwa ta rufe fuskar ruwa, fadamun da kifi ke hayayyafa da yawansu sun zama gonakin shinkafa, masu jefa taru kuwa sun fi na da yawa.

A nan ne takaici ke zama haɗari. Mutumin da ya yi wata bai kai cefane gida ba, shawara ɗaya ce ke zuwar masa: ya rage idon taru. Daga mai yatsa uku ya koma mai yatsa ɗaya, daga nan sai gidan sauro, wani ma har ya zuba maganin ƙwari a ruwa. Ran nan zai cika ƙwarya da 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba, ya ce ƙofa ta buɗe. Alhali kamun baɗi ne ya cinye bana, ya kuma ja wa maƙwabcinsa wata shida na taru wayam.

Za a ce mai yunwa ba ya jin wa'azi, kuma gaskiya ne. Shi ya sa bai dace a bar wannan nauyi kan masunci shi kaɗai ba. Kakanninmu ba su bar shi haka ba. Sarkin Ruwa yakan rufe gurbi, ba mai tsoma koma sai ranar da ya buɗe. Ga 'yan'uwanmu Kabawa a Argungu: kifin da duniya ke zuwa kallo a Matan Fada, hutun da ake ba wurin kafin ranar su ne ya girmar da shi.

Saboda haka muna kira ga sarakunan ruwa da ma'aikatan gandun daji su haɗa baki kan lokacin rufe ruwa da girman idon taru, doka ta hau kan ɗan gari da baƙo daidai. Masu ba da bashin kayan su kuma su sassauta a watannin da aka rufe. Mu da ke tsayawa gaban faifan mai kifi a kasuwa, mu ƙi sayen 'ya'yan kifi komai arharsu, don abin da ba a saye ba a kama shi.

Idan kuma muka ga masunci ya dawo hannu rabbana, mu yi masa sannu da ruwa, mu ba shi haƙuri yadda aka saba. Bayan nan sai mu zauna da shi mu tambaya: yaushe rabon gurbin nan da hutu?