Mun Raya Shinkafa, Mun Bar Manomi

Jama'a, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, malaman gona ke zaga Kadawa, Kura da Bunkure suna koyar da sa taki. To, wa ya koya wa manomi mai ciwon sukari duba ƙafarsa? Cutar nan kashe jin ƙafa take yi. Mutum ya wuni cikin ruwa ba takalmi, ƙaya ta soke shi bai sani ba, sai a Asibitin Murtala ya ji ana zancen yankewa. Kada a ce jahilcinsa ne! Wa ya yi masa bayani da Hausa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A haɗa likita da nas da mai gwajin jini da ma'aikacin lafiya na ƙauye, su bi manomi har gona.