Kafin Ka Sauke Inji, Shirya Masa Mazauni

Daga Yelwa zuwa Wara, har Shanga, in ka ga sarƙa tana lilo a reshen mangwaro ko darbejiya a bakin hanya, to garejin bakanike ne. Da reshen nan ake zaro injin mota, a aza shi bisa tsohuwar taya cikin rairayi, a buɗe cikinsa. Yanzu kuwa masu tsofaffin motoci da yawa suna so su yi gyaran da kansu a gida, domin kuɗin gareji ya yi yawa. Ban hana ba. Amma ina roƙonku, 'yan'uwa, kafin ku sayi fistin da ringi, ku fara samun mazaunin inji.

Mazaunin nan ƙarfe ne mai ƙananan tayoyi, da sanda a tsaye, da faifai mai hannuwa huɗu a samanta. A jikin faifan ake ɗaure bayan inji, wato wurin da giyabos yake kamawa. Sa'an nan kana iya juya injin ciki da baya, kamar mai juya kifi a wurin banda. Ba tsugunno, ba rairayi. Ƙwayar rairayi kaɗan in ta shiga wurin da karanshaf yake juyawa, aikin mako guda ya lalace. Ga kuma nauyi. Inji mai silinda huɗu, irin na Peugeot 504 da aka dinga haɗawa a Kaduna, ya kai nauyin buhun siminti uku. In ya zame daga kan taya, ƙafar mutum ce a ƙasa.

Ba sai mai tsada ba. Akwai na kanti, kuma mai walda yana iya ƙera shi da bututun ƙarfe mai kauri. Abin da zan nace a kai shi ne ƙafafu. Mafi araha mai taya uku ne, ɗaya a gaba, biyu a baya, shi ne kuwa mai saurin kifewa in an tura shi ko an ja sifana da ƙarfi. Ku nemi mai taya huɗu, mai faɗin gindi. Na kanti yakan zo da rubutun nauyin da zai iya ɗauka. Ku zaɓi wanda ya ninka nauyin injinku. Ƙusoshin ɗaurewa kuma kada a tsinto su a kwandon tarkace. A sayi sababbi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, masu tsawon da za su shiga jikin inji sosai.

Wajen ɗorawa, a fara tsiyaye baƙin mai da ruwa, a cire kuloci da fulawil. Kada a saki sarƙa sai ƙusoshi huɗun nan sun ɗauru tam. A daidaita hannuwan yadda nauyin injin zai zauna a tsakiyar faifai. In ba haka ba, da zarar an zare ƙarfen da yake kulle shi, sai ya wuntsila da kansa, sandar juyawa ta karya hannu. A tuna kuma, duk sa'ad da aka cire kan silinda, nauyin ya sāke wuri. Mutum biyu su juya shi, a mai da makullin nan da nan. Tayoyinsa ƙanana ne, suna nutsewa a ƙasa mai taushi, saboda haka sai daɓen siminti ko katako mai kauri. Yara kuwa a kore su daga wurin.

Masu jiragen ruwa, maganar ta shafe ku. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin nan ya zama hanya da gona ga mutanenmu, injin jirgi kuma shi ne jarin gida. Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya fi buhun siminti nauyi, amma sau da yawa sai a jingina shi da bango kawai. Nasa mazaunin ya fi sauƙi, kafinta ma zai yi: katako mai kauri a gicciye bisa ƙafafu huɗu buɗaɗɗu, a maƙala injin kamar yadda ake yi a bayan jirgi. Kansa ya kasance a sama, farfela a ƙasa, domin kada sauran ruwa ya gangara cikin silinda. In za a tā da shi don gwaji, a tsoma gindinsa cikin duro mai ruwa tukuna, gama robar famfon da ke sanyaya shi takan ƙone nan da nan in ta juya a bushe.