Wa zai biya kuɗin jinyar tsofaffin Zangon Wagadugu?

A shekarar 2003 ne motocin rusau suka shiga Zangon Wagadugu, wato Zangouettin, da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin, domin share fili ga shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci a tsakiyar birni. An tashi mutum sama da 12,000, aka yanka musu filaye a gefen Ouaga 2000 da Nioko. An biya diyyar gini, bayan doguwar jayayya. Babu wanda ya yi wa babban gida mai sassa kuɗi, gidan da tsohuwa ke zaune da surukanta da jikoki a tsakar gida ɗaya, dattijo kuma ke dogara sanda zuwa masallaci, ranar da ba a gan shi da asuba ba a leƙa a ji ko lafiya. Wannan zaman ne ke ɗauke da jinyar tsofaffi tun kaka da kakanni. Magidantan da suka kwashe kaya a lokacin su ne tsofaffin yau, 'ya'yansu kuwa wani na haya a bayan gari, wani na Abidjan, wani na Kumasi.

Gwamnati ba za ta ce ba ta san da matsalar ba. Tun Oktoban 2016 Burkina Faso ke da dokar kare haƙƙin tsofaffi, wadda ta ɗauki mai shekara 60 a matsayin tsoho, ta kuma hana wulaƙanta shi. Dokar inshorar lafiya ta bai-ɗaya, RAMU, ta ma riga ta, tun 2015. To amma fanshon hukumomin CNSS da CARFO na tsofaffin ma'aikata ne. Mahauci da dillalin shanu da mai koko ba su taɓa karɓar albashi ba, ballantana a yanki wani abu a ajiye musu.

Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san inda kuɗi ke zurarewa. Ana shimfiɗa leda a kan katifa, a juya mara lafiya dare da rana kada bayansa ya yi gyambo, a ɗebo ruwa a wanke zannuwa, a dama kunu a ba shi da cokali. Mai wannan aiki kusan kullum mace ce, 'ya ko suruka, wadda ta rufe 'yar sana'arta, gida ya rasa kuɗin cefanen da take kawowa. Sai a je kantin magani da takardar likita a ce, "Malam, wanne ne ya fi muhimmanci a ciki?" A sayi biyu a bar uku. Maganin hawan jinin da aka daina sha saboda rashin kuɗi, shi ne sau da yawa ke kai mutum kwance a asibitin Yalgado Ouédraogo, inda kashin kuɗin ya ninka.

Mu a ganinmu, gina gidajen tsofaffi ba shi ne abin farawa ba. Bahaushe zai gwammace ya ci bashi da a ce ya kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu. Cibiyar Delwendé, wadda ambaliyar 1 ga Satumban 2009 ta yi wa ɓarna a Tanghin kafin a mayar da ita Sakoula, tana tsugunar da matan da danginsu suka kora bisa zargin maita. Aikin lada ne, amma na waɗanda ba su da kowa. Galibin tsofaffi suna hannun iyalansu, can ya kamata kuɗin ya same su.

Ƙasar nan ta nuna za ta iya. Tun 2016 ake duba mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. A faɗaɗa wannan ya haɗa da awo da maganin hawan jini da ciwon sukari ga masu shekara 60 zuwa sama, a asibitocin unguwa na CSPS, a kuma sa ma'aikatan lafiya su riƙa bin gidajen waɗanda suke kwance suna koya wa masu jinya aiki. Sai dai a yi hattara da abin da ya sami Senegal: shirinta na Sésame na 2006 ya yi wa tsofaffi alkawarin magani kyauta, bashi ya taru wa asibitoci saboda gwamnati ba ta biya a kan lokaci. Mun san yaƙi da 'yan bindiga da ɗawainiyar 'yan gudun hijira sun cinye baitulmali. Don haka ne ma muke cewa a fara da kaɗan, amma da kaso rubutacce a kasafin kuɗi.

Su ma shugabannin Hausawa da limamai da attajiran Zango suna da nasu kason. Zakkar da ake rabawa a ƙofar gida, kowa ya samu abin da bai kai na magani ɗaya ba, gara kowane masallacin Juma'a ya tattara wani ɓangare nata, ya rubuta sunayen tsofaffin unguwa da ke kwance, ya riƙa biya musu magani duk wata, ya ware wani abu ga matar da ke jinya.