Karatun Likita Da Kakin Soja A Amurka

A ƙasar Amurka karatun likita yana da tsada ƙwarai, har ɗalibi kan fita da bashi mai nauyi a wuyansa. Tun shekarar 1972 Gwamnatinsu ta buɗe wata hanya, watau ɗalibi ya shiga soja, a ba shi muƙamin hafsa, a biya masa kuɗin makaranta, a riƙa ba shi na guzuri kowane wata. Shi kuwa zai yi aikin soja shekara guda a madadin kowace shekarar da aka biya masa.

Mu dai ba mu ga laifin tsarin ba, amma mai iyali ya dame mu. Miji ne ke sa hannu, alhali alkawarin ya hau kan matar ita ma. Soja ba ya zaɓen garin zamansa, ba ya kuma ajiye aiki don gida ya matsu. Bayan 2001 an tura likitocin soja Afganistan, bayan 2003 kuma Iraƙi, aka bar matansu da yara wata da watanni. A ganinmu wajibi ne a kira matar, a karanta mata sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya tun ba a miƙa wa mijin alƙalami ba.