Ciwon Dajin Maƙoƙo: A Cire Duka Ko A Cire Rabi?

Maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da yake ya ragu tun da gwamnati ta wajabta sa sinadarin aidin cikin gishiri a 1993. Yawancin kumburin wuya ba ciwon daji ba ne. Amma ranar da mutumin Dawaki ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, likita ya tabbatar masa akwai daji a tsokar nan ta gaban maƙogwaro da ake kira tayirod, nan take hankalin dangi zai tashi, kowa ya ce a cire ta duka a huta.

To, sauri kan haifi nawa. Tsokar nan ɓangare biyu gare ta, dama da hagu. Wanda aka cire wa duka, zai sha ƙwayar magani kullum har iyakar ransa, kuma aikin na iya taɓa jijiyar murya, ko ƙananan ƙwayoyin da ke daidaita sinadarin ƙashi a jini. Wanda aka cire wa rabi kuwa, haɗarinsa ya fi sauƙi, sau da yawa ragowar rabin kan ishe shi. A 2015 ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka ta yarda cewa cire rabi ya wadatar idan ƙullutun bai wuce santimita 4 ba, kuma bai bazu ba. A asibitin Kuma na birnin Kobe a Japan, tun 1993 ake sa ido kawai a kan wanda bai wuce santimita 1 ba, ba tare da wuƙa ba.

Sai dai cire rabi yana da sharaɗi. Dole majinyaci ya riƙa komawa ana duba wuyansa da na'ura, domin wani lokaci akan sake aiki na biyu. Wanda ya san ba zai koma ba, ya gaya wa likita gaskiya. Haka kuma wanda kuɗin ƙwaya na kowane wata zai gagara, ya faɗa tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Saboda haka, kafin a sa hannu a takarda, ya kamata a tambayi likita abu uku: wane irin daji ne, yaya girmansa, kuma ya kai ga kaluluwar wuya? Da amsoshin nan ne majinyaci da likitansa za su yanke shawara. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.